Tas da dum: littafin aikin auna ƙarar harbi a filin mita 1,000

8 ga Janairu

An fara da awon fili. Layin harbi yana fuskantar arewa, kuma an kafa turaku a mita 100, 300, 600, 800 da 1,000, kowane turke mita biyar gefe daga hanyar harsashi. A gaban kowane turke an jera buhunan yashi har tsayin gwiwa don kare na'ura. Makirufo kaɗai ke leƙowa. Ba mutumin da zai tsaya wajen turke yayin harbi, sai masu duba allon da ake harbi, waɗanda ke cikin raminsu a bayan tudun ƙasa.

Tambayoyi biyu aikin zai amsa. Ta farko: me kunnen mai zama a rami yake ji, a wane jeri, da wane ƙarfi? Ta biyu: me ya sa mutanen ƙauyen da ke kudu maso yamma, wajen kilomita biyu, suke cewa harbin asuba kamar a ƙofar gidansu ake yi, alhali na azahar ba su ma san an yi ba?

Harsashin da za a yi aikin da shi 7.62×51 ne na gama-gari (lambobin girmansa ne a milimita), wanda ke barin bakin bindiga da gudun mita 850 ko kusa da haka a sakan ɗaya. Daga yau duk abin da aka ɗauka za a kasa shi gida uku. Akwai ƙarar baki, wato tashin iskar albarushi daga bututu, ita ce "dum". Akwai ƙarar harsashi da kansa sa'ad da yake keta iska ya fi sauti gudu, ita ce "tas", irin ta bulala. Sai ƙarar faifan ƙarfen da ake harbi, in an same shi. Uku ne, kowacce da inda take tasowa da lokacinta, kuma rabin ruɗanin da ake yi a fili daga haɗa su wuri ɗaya yake zuwa.

10 ga Janairu

Gwajin kayan aiki, kuma wayoyin hannu sun faɗi tun a zagayen farko. Dalilai uku ne. Makirufon waya don muryar mutum aka yi shi, yana cika ya tumbatsa tun wajen desibel 120 zuwa 130 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara), ƙarar baki kuwa kusa da mai harbi tana tsakanin 155 da 170. Hoton sautin a kwamfuta sai ya fito da kai a daddatse, kamar an sa almakashi. Na biyu, waya tana rage ƙarfin ɗauka da kanta da zarar ta ji ƙara mai ƙarfi, to "tas" ce ke fara isowa, wayar ta ƙanƙance kunnenta, "dum" ta zo ta tarar da ƙofa a rufe. Na uku, matse fayil da waya ke yi yana ɓata siffar ƙara mai gajeren lokaci irin wannan.

An koma ga makirufon awo mai faɗin kwata na inci, wanda ke jure ƙara sama da desibel 160, da na'urar ɗauka da aka saita ta riƙa ɗaukar ɗigon sauti 192,000 a sakan. Ga dalilin wannan adadi: "tas" a nisan mita biyar ba ta wuce milisakan 0.2 ba (milisakan ɗaya bisa dubu ne na sakan). Na'urar da ke ɗaukar 44,100 a sakan ɗigo tara kawai za ta samu a ciki, ta 192,000 kuwa tana samun kusan 38, wanda ya isa a ga siffarta. Kafin harbi da bayan harbi ana ɗora wa kowane makirufo na'urar daidaitawa mai fitar da desibel 114 a 1,000 Hz (Hz shi ne yawan kaɗawar sauti a sakan, yawansa ke sa murya ta yi siriri). In karatun safe da na yamma suka saɓa da fiye da rabin desibel, an zubar da aikin ranar.

Soson da ake sa wa kan makirufo dole ne a hunturu. Ba shi, hucin iska kaɗai yake binne "dum" a turken 800.

13 ga Janairu

Lissafin lokaci, a kan takarda tukuna. Gudun sauti a iska mita 331.3 ne a sakan idan zafi yana digiri sifili, kuma kowane digiri yana ƙara masa kimanin 0.6. Da safiyar hunturu a digiri 15, mita 340 ke nan. Shi sauti ba ya gajiya, yadda ya fara haka yake ƙarewa. Harsashi ne ke gajiya: 850 a baki, wajen 640 a mita 300, wajen 470 a mita 600, kuma can tsakanin 850 da 950 gudunsa ke faɗowa ƙasa da na sauti.

Abin da ake sa ran gani a kowane turke, a sakan, bisa ƙiyasin tafiyar harsashi:

Mita 100: harsashi 0.12, dum 0.29, tazara 0.17
Mita 300: harsashi 0.40, dum 0.88, tazara 0.48
Mita 600: harsashi 0.95, dum 1.76, tazara 0.81
Mita 800: harsashi 1.43, dum 2.35, tazara 0.92
Mita 1,000: harsashi kusan 2.0, dum 2.94, tazara kusan 0.9

A duba jerin ƙarshe da kyau. Daga 100 zuwa 300 tazarar ta ninka kusan sau uku. Daga 600 zuwa 800 ta ƙaru da kimanin kashi ɗaya cikin goma na sakan kawai, daga nan kuma ta tsaya cik. Tsohuwar dabarar sojoji ta ƙirga tsakanin "tas" da "dum" don sanin nisan mai harbi tana aiki ne muddin harsashi ya yi wa sauti fintinkau. Da zarar gudunsu ya zo ɗaya, tazara ta daina girma, in harsashi ya ƙara sanyi ma sai ta fara raguwa. Wanda ya dogara da ƙirgen nan bayan mita 600 zai ce 700 alhali 900 ne, kuma ba laifin kunnensa ba ne.

17 ga Janairu

Harbin farko na awo, harsashi goma-goma, ƙarfe bakwai na safe. A turken 300 hoton ya fito yadda littafi ya faɗa. "Tas" ta fara zuwa da siffar harafin N: matsi ya yi tsalle sama lokaci ɗaya, ya gangaro a miƙe har ƙasa da sifili, ya sake tsalle ya koma. Tsallen farko na kan harsashi ne, na biyu na gindinsa. Bayan kusan rabin sakan "dum" ta biyo, mai faɗi, milisakan uku zuwa biyar, da jela.

Wani abu da ya kamata kowane mai zama a rami ya sani shi ne "tas" ba daga wajen bindiga take zuwa ba. Harsashi yana jan igiyar sauti a bayansa kamar yadda kwalekwale mai inji ke barin ruwa a buɗe gida biyu, sai dai wannan zagaye take, kamar mazurari. Masana kimiyya Ernst Mach da Peter Salcher ne suka fara ɗaukar hotonta, aka buga aikin a 1887. Faɗin mazurarin ya danganta da gudu. A bakin bindiga, inda harsashi ya ninka sauti sau biyu da rabi, kusurwarsa da layin harbi digiri 24 ce. A mita 600 ta buɗe zuwa wajen 46. Dab da inda gudun zai zo ɗaya, ta kusa zama bango a tsaye. Sautin kuwa yana tafiya ne a gicciye da jikin mazurarin, saboda haka kunne yana nuna wani wuri a kan hanyar harsashi, ba inda aka ja kunama ba. Shi ya sa in an tambayi mutum uku a rami daga ina aka harbo, in dai "tas" suka bi, sai su nuna sama ko gefe. "Dum" ce mai faɗin gaskiyar wuri, ita ce kuma mai rauni a nesa.

Wannan lissafi ya nuna inda "tas" ba ta zuwa sam. Duk wanda ke tsaye a kusurwar da ta wuce digiri 66 daga layin harbi, in an auna daga bakin bindiga, ba zai ji ta kai tsaye ba. Mai harbi da kansa yana cikin waɗannan. Abin da yake ji bayan nasa harbin, wani dogon "shaaa" da ke bin fili, amsa-kuwwar "tas" ce daga ƙasa da itatuwa da turakun da harsashi ya wuce.

Matsala: lokutan turken 800 da na 1,000 sun kauce wa lissafi, kuma kaucewar tana ƙaruwa daga harbi na farko zuwa na ƙarshe. Iska ba ta yin haka. Agogo ne.

19 ga Janairu

An tabbatar. Kowace na'urar ɗauka da nata agogon ciki, kuma kuskuren kashi 20 cikin miliyan, wanda ba a ɗauka komai ba a aikin rediyo, yana tara milisakan 72 a awa ɗaya. A gudun sauti wannan mita 24 ne. An haɗa agogunan da tafi ɗaya da asuba aka watse, bayan awa biyu kowace na'ura ta kama gabanta.

Gyara: an ajiye rediyon oba-oba kusa da mai harbi, a buɗe, an kuma jona wani a layi na biyu na kowace na'ura. Saƙon rediyo yana isa mita 1,000 cikin kashi uku bisa miliyan na sakan, wato nan take. Yanzu kowane harbi yana zuwa da tambarin lokacinsa a fayil guda, ba ruwan kowa da agogo. Sharaɗi ɗaya: oba-oban ya zama tsohon samfuri mai aika murya kai tsaye. Na zamani mai sarrafa murya kafin ya aika yana jinkirta ta, kuma jinkirin ba ɗaya ba ne kullum.

Dabarar ba sabuwa ba ce. William Derham a Ingila, farkon ƙarni na 18, yakan hau hasumiyar cocin Upminster da madubin hangen nesa, ya ga walƙiyar bindiga daga wani gari, ya ƙirga da lilon agogo mai rabin sakan har ƙarar ta iso. Haske ne oba-obansa.

A rami yanzu jerin ya fito sarai ga kunne: lasifikar oba-oba ta yi "kaf", sai "tas" a bisa kai tare da ƙurar tudu, sai shiru, sai "dum" daga kudu.

24 ga Janairu

Ranar faifan ƙarfe. Lokacin da mai harbi ke jira kafin ya ji ƙarfe ya amsa shi ne tafiyar harsashi a haɗa da dawowar sauti: sakan 1.3 a mita 300, 2.7 a mita 600, 3.8 a mita 800, kusan biyar a mita 1,000. Sakan biyar yana da tsawo in mutum yana kwance yana jira. Ya isa a sake ɗana bindiga, kuma nan kuskuren rubuta sakamako yake faruwa, a ba harbi na biyu ƙarar na farko. An kafa doka: a 800 da 1,000 ba a sake harbi sai an ƙirga shida.

Faifan da aka ɗaure tamau da ƙusa a jikin katako ba ya kuka, "tak" kawai yake yi ya mutu. Wanda aka rataya da sarƙa ko guntun tsohon bel na inji yana ci gaba da kaɗawa, kuma kaɗawar ce ke kai labari. Babban faifai muryarsa ƙasa take, ƙarami muryarsa siririya. A mita 1,000 babban ake ji, ƙaramin kuwa ana ganin ya motsa a madubi amma shiru. Bayanin yana shigarwar da ke biye.

27 ga Janairu

Sauti yana raguwa ta hanya biyu da ba su da alaƙa. Ta farko bazuwa: duk ninkin nisa yana cin desibel shida, ko da wace irin murya. Daga mita ɗaya zuwa 1,000 desibel 60 ke nan, wato ƙarar da ta fara a 160 za ta isa a 100 in ba abin da ya taɓa ta a hanya. Ta biyu, iskar kanta tana shanye sauti, kuma tana da zaɓe. Kakkaurar murya take bari, siririya take ci.

Nan ne hunturu ya shigo. A teburin ISO 9613, ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta lissafin raguwar sauti a fili, iska mai digiri 15 da danshi kashi 20 cikin ɗari, wato safiyar Janairu a ƙasar Hausa sak, tana cin desibel 2.7 a kilomita a 500 Hz, 8.2 a 1,000 Hz, 28 a 2,000 Hz, 89 a 4,000 Hz. In danshi ya kai kashi 80 a wannan zafin, adadin ya koma 2.4, 4.1, 8.3 da 24. Abin ya saɓa wa zato. Mutane da yawa suna ɗauka iska mai laima ce ke danne sauti, ashe busasshiya ce. A mita 600 kawai, murya mai 4,000 Hz tana asarar desibel 53 a hunturu, 14 a iska mai laima. Ta 500 Hz kuwa ko biyu ba ta rasa a duka biyun.

To ga amsar ƙaramin faifai. Ga kuma dalilin da harbin da yake tsaga kunne a layi yake komawa "dum" mai laushi a nesa, kamar an buga turmi a wata unguwa. Bindiga ɗaya ce, hanya ce ta tace ta. Ƙurar hunturu da ake ɗora wa laifi ba ta da wani kaso na a zo a gani a wannan. Rashin danshi ne.

31 ga Janairu

An ɗaga makirufon turken 600 daga mita 1.5 zuwa mita huɗu a kan gora, "dum" ta ƙara fitowa. Dalili ƙasa ce. Sauti yana isa makirufo ta hanya biyu, ɗaya kai tsaye, ɗaya bayan ya daki ƙasa ya taso. Mai harbi a kwance bakin bindigarsa bai wuce santimita 30 daga ƙasa ba, saboda haka a mita 600, da makirufo a tsayin mita 1.5, bambancin hanyoyin biyu milimita ɗaya da rabi ne kacal. Wanda ya goga ƙasa a kwance haka yana tasowa a juye, ya haɗu da ɗan'uwansa su cinye juna. A kan ƙasa mai laushi, yashi ko gona da aka huɗe, cin ya fi tsanani tsakanin 200 da 600 Hz, daidai inda ƙarfin "dum" yake. A kan fako ko dutse abin da sauƙi.

An kuma gano wata "dum" ta biyu a turken 1,000, milisakan 180 bayan ta farko, a kowane harbi. Tudun tare harsashi yana mita 30 a baya, zuwa da dawowa mita 60, a raba da 340. Amsa-kuwwa ce, an yi mata alama don kada a ƙirga ta harbi.

5 ga Fabrairu

Kwana uku ana harbi sau biyu, ƙarfe shida da rabi na safe da ƙarfe ɗaya na rana, da makirufo ɗaya a gefen ƙauye. Maganar mutanen ƙauye ta tabbata, kuma abubuwa biyu ne suka taru a kansu.

Da dare a hunturu sama a buɗe take, ƙasa tana sakin zafinta, sai iskar da ke dab da ƙasa ta fi ta samanta sanyi. Tunda sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, saman igiyar yana riga ƙasanta, sai ta lanƙwaso ƙasa. Sautin da ya kama hanyar sama ya dawo, ya daki ƙasa, ya sake tashi, ya sake dawowa, kamar an sa shi a kwararo. Wannan ne ke sa a ji kiran sallar asuba na garin da ba a jin na azahar ɗinsa. Da rana abin ya juye: ƙasa ta yi zafi, sama ta fi sanyi, igiyar ta lanƙwashe sama ta bar inuwa a ƙasa. Mutum yana iya ganin ƙurar harbi da idonsa, ƙarar ta wuce ta bisa kansa.

Na biyu iska. Kuskuren da aka saba yi shi ne a ce iska tana "ɗauke" sauti ta tafi da shi. Iskar mita biyar a sakan ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na gudun sauti ba, ba ta da ƙarfin ɗauke komai. A layinmu mai fuskantar arewa, iskar arewa maso gabas mai wannan ƙarfi bambancin da take kawowa tsakanin zuwa da dawowa a mita 1,000 sakan 0.06 ne kawai. Aikinta na gaske lanƙwasawa ne. Iska ta fi gudu a sama fiye da dab da ƙasa, saboda haka sautin da ke bin iska yana lanƙwasowa ƙasa, wanda ke fuskantarta yana tashi sama. Ƙauyen yana kudu maso yamma, daidai inda iskar hunturu ta nufa. Turakunmu kuwa suna wajen da take fitowa, shi ya sa da rana "dum" take ɓacewa a 800 da 1,000 a wasu harbe-harben, alhali kukan faifai yana isowa layi tangaram.

Shawarar da aka miƙa wa masu kula da filin: a ɗage harbin safe zuwa bayan ƙarfe tara, lokacin da rana ta fasa sanyin ƙasa. Ƙara tsayin tudun da ke bayan masu harbi zai taimaka kaɗan ne da asuba, domin sautin da ke lanƙwasowa daga sama tsallake tudu yake yi.

9 ga Fabrairu

Batun kunnen masu rami. An daɗe ana ɗauka tunda suna nesa da bindiga ba su da matsala. Ta wajen "dum" gaskiya ne. Ta wajen "tas" ba haka ba ne, domin ita ba daga bindiga take lissafin nisanta ba, daga hanyar harsashi ne. Bisa lissafin masanin lissafi G. B. Whitham, harsashi mai wannan kauri da ke gudun ninki biyu na sauti yana ba da wajen desibel 155 a mita ɗaya, 145 a mita biyar, 140 a mita goma. Ninkin nisa desibel huɗu da rabi kawai yake ci a nan, ba shida ba. Iyakar da aka saba sa wa kunnen baligi ga ƙara mai zuwa farat ɗaya 140 ce. Mai ɗaga allo a ramin mita 300, harsashi yana wuce shi da mita biyu ko uku. Bakin ramin yana kare shi daga wani kaso, amma ba abin da za a dogara da shi ba ne.

Gajartar "tas" ce ke yaudara. Kunne ba ya samun lokacin da zai auna ƙarfin abin da bai kai rabin milisakan ba, sai ya ji ta ƙarama. Daga yau abin toshe kunne na soso wajibi ne a ramin 100, 300 da 600. A layin harbi soso da marufin kunne tare, da sanin cewa haɗa su ba ya ninka kariya, desibel biyar ko kusa da haka yake ƙarawa a kan wanda ya fi ƙarfi. Soson da ba a murza shi siriri an tura ciki an riƙe har ya kumbura ba, ado ne.

14 ga Fabrairu

Turken 1,000 har yanzu bai ba da amsa ɗaya ba. Da safe babu siffar N ko kaɗan, sai wani huci da faɗuwar harsashi a tudu, sannan "dum". Da rana, a wasu harbe-harben, ana ganin wata raunanniyar "tas" mai faɗi. Abubuwa biyu ke ja-in-ja a nan. Zafi yana ɗaga gudun sauti, wanda ke sa harsashi ya riga faɗowa ƙasa da shi. Zafin dai yana sa iska ta yi shara-shara, harsashi ya daɗe bai gaji ba, albarushi mai ɗumi kuma yakan ƙara masa gudu tun daga baki. Akwai kuma yiwuwar "tas" ɗin da ake gani ta taso ne tun daga wajen mita 900, ta ƙarasa da ƙafarta tare da harsashin.

Don raba gardama za a ƙara turaku a 850, 900 da 950, a kuma sa na'urar auna gudu a bakin bindiga don kowane harsashi ya zo da adadinsa. An yi odar ƙarin makirufo biyu. Za a maimaita awon duka a Afrilu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 kuma sauti ke cin mita 1,000 a sakan 2.81 maimakon 2.94, sannan a Agusta, da danshi a sama da iska ta juyo daga kudu maso yamma. A lokacin ƙauyen zai koma wajen da iska ke fitowa, turakun su koma inda ta nufa, saboda haka makirufon gefen ƙauye zai zauna a wurinsa, a kan gora ɗaya, tsayi ɗaya.